Wasan yaƙin Napoleon da zamana a Beljiyam

Abin da ya fi ba ni wuya da na baro Maraɗi na zo Brussels ba sanyi ba ne, rashin mutane ne. Gari cike da jama'a amma ba ka isa ka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci haka kawai don a yi hira ba, sai da dalili, sai an sa rana da lokaci tun sati guda kafin nan, ni kuma daga aikin lodin kaya sai ɗaki sai waya, wallahi har magana ni kaɗai na fara yi.

Wani dattijo ne a benenmu, tsohon malamin makaranta, da muke gaisawa a matakala, ranar nan ya ce abokin wasansa ya ƙaura ko zan zauna masa. Na ɗauka kati ne. Ashe taswirar filin Waterloo ce, inda Napoleon sarkin Faransa ya sha kaye a yaƙinsa na ƙarshe, shimfiɗe a tebur, an rarraba ta gida gida masu kusurwa shida, ga ƙananan kwalaye, masu shuɗi sojojin Faransa, ja na Wellington, kwamandan Ingila da ya kara da shi, kowanne da lambar ƙarfinsa da ta nisan da zai iya tafiya. Akwai dakaru, akwai mahaya dawaki, akwai igwa. Ka matsar da naka, in an haɗu a jefa ɗan lido a duba takardar sakamako a ga wa zai ja da baya. Mutum biyu ne kawai ido da ido kamar dara, sai dai wannan yakan cinye yamma guda har dare.

Shi ya ba ni Faransa, ya ce "ɗana, kai ke da hari, ni jira zan yi". To a nan daɗin yake, don lokaci ba naka ba ne. Ranar 18 ga Yuni 1815 an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laka, Napoleon bai fara kai hari ba sai wajen hantsi, su kuma sojojin Furushiya (wata tsohuwar daula a Jamus) na kwamanda Blücher, abokan Wellington, da ya doke a ƙauyen Ligny kwana biyu kafin nan suna tafe ta gabas. A wasan ma haka ne, kana ganin kwalayensu jere a bakin tebur suna jiran lokacin shigowa ta wajen ƙauyen Plancenoit, hannunka har zufa yake. Ga gidan gonar nan Hougoumont, ƙaramin abu a taswira amma duk sojan da ka tura sai ya cinye, kamar dai yadda ya yi wa Faransawa a zahiri. Kuma in ka saki dawaki kan dakarun da suka yi tsayuwar murabba'i ba igwa a bayanka, asara ce kawai, abin da ya sami Ney, babban kwamandan Napoleon, ke nan.

Wata Lahadi ya kai ni filin da kansa, ba nisa kudu da gari. Muka hau tudun tunawa da yaƙin, mai gunkin zaki a kansa da matakala 226, yana haki yana nuna min gidan gonar La Haye Sainte da aka gwabza a kansa. Wurin ƙarami ne sosai, gonaki ne yanzu, na tsaya ina tunanin dubban mutanen da suka mutu a nan cikin yini ɗaya, tun daga ranar na daina jefa kwalayena gaba ba lissafi.

Ta hannunsa na shiga ƙungiyarsu da ke haɗuwa daren Alhamis, akwai direban taram (jirgin ƙasan cikin gari), akwai likitan haƙori, a wurinsu na ji wai asalin irin wasan nan daga sojojin Furushiya ne, tun 1824 suke koyar da hafsoshi da shi. Ɗayansu ne ya duba min takardun haya da zan canza gida, kuma da azumi sun matsar da lokaci sai na sha ruwa ba tare da na roƙa ba. Yanzu yaƙin Ligny muke bugawa, na ce ni Blücher nake so, don riƙe ƙauyukan nan a bakin rafi alhali Faransa na zuba maka igwa ya fi kai hari wuya nesa ba kusa ba.