Na gwada tsaron intanet iri uku a gidajen Damagaram

Da muka tashi sa intanet a gidanmu na Sabon Gari, kowa maganar sauri da kuɗin wata yake yi. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne wa zai iya kutso mana, domin ta wayar Hajiya ake karɓar kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa daga waje. Sai na bi gidaje na duba iri uku: modem mai sim na 4G a gidan yayana, layin da ake jawowa da waya har cikin gida, da Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, na wani maƙwabcinmu, wanda aka fara amfani da shi a hukumance a Nijar a 2025.

Ta fuskar hanya, duka ukun ba su da laifi sosai. A 4G, saƙo tsakanin modem da eriya a rufe yake da mabuɗin da ke cikin sim. Kuma kamfani kan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, don haka na waje ba ya samun ƙofar gidanka kai tsaye. Starlink ma haka yake yi a tsarinsa na gida. Layin waya shi ne wani lokaci yake ba ka adireshinka kai kaɗai. Yana da amfani ga mai kyamarar tsaro, amma sai ka kula da abin da ka bari a buɗe.

Ɓarakar na same ta a cikin ɗaki. Na buga 192.168.8.1, adireshin shafin saitin modem, a wayata a gidan yayana, na sa admin a wurin suna, admin a wurin kalmar sirri, shafin ya buɗe. Da irin waɗannan kalmomin masana'anta wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban na'urori a 2016. A jerin masu jone kuwa ga wayoyin da babu wanda ya san su a gidan. Na ce, "Yaya, ai samarin fadar ƙofar gida ne ke shanye maka mega." Yaro ɗaya aka ba kalmar sirri, shi kuma ya nuna wa abokansa hoton QR, shi ke nan.

Nan take muka canza kalmar shiga modem, muka yi wa wifi doguwar kalma, muka kashe WPS, hanyar jona wifi ba tare da kalmar sirri ba, wanda tun 2011 aka gano lambarsa mai alƙaluma takwas tana fasuwa. Tsarin kulle wifi muka bar shi a WPA2, tunda modem ɗin bai san WPA3 na 2018 ba. WEP kam, tsohon tsarin kullewa mai saurin fasuwa, duk akwatin da shi kaɗai yake da shi, a ajiye shi.

Mu 4G muka ɗauka, saboda yana da batir in kuran ya tafi. Na buɗe wa baƙi rezo nasu daban, wayar Hajiya kuma tana kan namu na cikin gida.