Akuyar da aka sayar, da yadda muka koyi rarraba jimlar Turanci

'Yar ƙanwata ta zo ta zauna a gidana wata uku kafin ta rubuta WAEC, mahaifiyarta kuma ta ɗora mini nauyin Turancinta. Ni ba malamin makaranta ba ne, aikin ofis nake yi, amma na duba tsofaffin takardun jarrabawa na ga inda take zubar da maki. A ƙarƙashin labarin da ake ba su su karanta, akan ciro wasu kalmomi daga cikin jimla, a tambayi sunansu a nahawu da aikin da suke yi. Sau da yawa amsar ba ta wuce a ce su ne "subject" ko "object" na aikatau kaza, wato aikau da karɓau a nahawun Hausa.

Daren farko bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma, na maimaita mata abin da aka koya mana a firamare: aikau shi ne mai yin aiki, aikatau shi ne aikin, karɓau kuwa wanda aikin ya faɗa wa. Na rubuta "The boy kicked the ball", ta ja layi daidai. Mun yi sati guda a haka, har na ɗauka an gama. Sai ranar da na rubuta "The goat was sold yesterday." Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Kawu, ai akuya ba ta yi komai ba, ita aka sayar. Karɓau ce."

Na yi shiru, domin ƙa'idar da na ba ta ita ta bi. Kuma a Hausa gaskiyarta ce: in ka ce "an sayar da akuya", akuya tana bayan aikatau, karɓau ce. Turanci ne ke ɗauko ta ya zaunar da ita a gaba ta zama aikau, shi ya sa "was" ke bin ta, in awaki ne kuma ya koma "were". Laifin na bayanin da na yi mata ne, kuma abin ya dame ni, don yarinyar ta yarda da ni ne ta bi hanyar.

Washegari muka sake lale. Na ce ta daina fara neman mai aiki, ta fara da aikatau. In ta rasa shi, ta sauya lokacin jimlar, ta mai da yau jiya, kalmar da ta sauya kama ita ce. Bayan nan sai ta mai da jimlar tambaya: "Was the goat sold?" Duk abin da ya yi musayar wuri da "was", shi ne aikau, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Wannan dabarar ta cece ta a dogayen jimloli irin su "The bag of onions in the store is rotten", inda a da takan cafko "onions" ko "store" don su ne kusa da aikatau. Yanzu ta ga dukan kalmomin nan bakwai abu guda ne, ana iya cire su a sa "it".

Kan karɓau muka fi daɗewa, a nan ne kuma Hausa ta taimake mu fiye da yadda na zata. Na ce ta saurari bakinta: "ya sayi rago", "ya saye shi", "ragon da ya saya". Aikatau ɗaya, kama uku, ya danganta da abin da ke biye da shi. Ashe kunnenta ya san karɓau tun tana ƙarama, suna ne kawai ba ta sani ba. "Bought" na Turanci ba ya motsi ko me ya biyo shi, dole sai ka tambaya da kanka: ya sayi me? Da muka zo kan "He bought Binta a wrapper", ta ce an sayi Binta ke nan. Na ce ta faɗe shi da Hausa. Ta ce, "Ya saya wa Binta zane." Na ce to, ga "wa" nan da Turanci ya ɓoye. Duk wanda "wa" ya tsaya a gabansa karɓau kaikaitau ne, zanen shi ne na kai-tsaye. Ba ta ƙara faɗuwa a irin wannan ba. Ina mamakin yadda ake hana yara taɓa harshensu a darasin Turanci, alhali ga irin wannan tsani a hannunsu.

Sai dai ba ko'ina tsanin ke kaiwa ba. Muna cewa "ta yi barci", barci ya zama karɓau na "yi", amma "She slept all night" ba shi da karɓau ko ɗaya, aikatau ƙi-karɓau ne, "all night" tsawon lokaci kawai yake faɗa. Haka "Musa is a teacher": ba a yi wa malami komai ba, Musa ne malamin. Na nuna mata cewa karɓau na gaskiya yawanci yakan yarda a ɗauko shi gaba, kamar "The ball was kicked", shi kuwa "teacher" a nan ba zai ɗauku ba. Akwai kuma ɗabi'ar rubuta "Audu he went", saboda "ya" ɗin da ke cikin "Audu ya tafi". Wannan ta ci mana kusan wata guda.

Ana saura kwana biyu jarrabawa na rubuta mata "What the principal said annoyed the students", ban ce komai ba. Ta zagaye "annoyed" da biro, ta rufe kalmomi huɗun farko da yatsa, ta karanta a hankali, "It annoyed the students." Ta ɗago ta ce, "Kawu, duka huɗun nan su ne aikau, ɗaliban kuma karɓau. Kawo wata."