Rairayin Daura ya isa makaranta: inda na kai a zagayen Daberam

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon keken daji, wato wasan tuƙa keke a tsaunuka da hanyoyin da ba kwalta. Ga inda na kai tun da aka kwashe amfanin gona, hanyoyin cikin karkara suka buɗe.

Zagayen da nake bi bai canza ba. Bayan sallar asuba nake fita daga Daura, in sauka daga kwalta in shiga burtali, in ratsa gefen dam ɗin Daberam, sannan in dawo ta hanyar amalanke. Abin da ya canza shi ne yanzu ina ƙetare doguwar shimfiɗar rairayin nan ta tsakiya ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. A kan wannan nake so in tsaya, domin da yawa cikinmu na cewa ba mu da duwatsu, don haka wasan ba namu ba ne. Ban yarda ba.

Gaskiya ne a tsaunukan bakin teku aka haifi wasan. A shekarun 1970 wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais da tuddan da ke kewaye da shi. A 1976 suka fara tseren gangare da aka sani da Repack, kuma a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A Afirka ta Kudu ma akwai Cape Epic, wanda aka fara a 2004, ana yinsa mutum biyu-biyu cikin tsaunukan lardin Western Cape. Su suna da hawa da gangara da iskar teku mai sa sarƙa tsatsa. Mu kuma muna da rairayi da ƙaya da ƙurar hunturu. Amma abin da tudu ke nema wurin mahayi, wato ƙaramar giya, juya feda ba tsayawa, da sanin inda za ka ajiye nauyin jikinka, shi ɗin ne rairayi ke nema. Wanda ya iya ratsa rairayi mai zurfi ya yi rabin karatun hawan tudu.

Sirrin farko yana cikin taya. Mai faci a bakin titi, don ya kyautata maka, zai bugo iska har taya ta yi tauri kamar tabarya. A kwalta hakan daidai ne. A rairayi kuwa taya mai tauri yanka ƙasa take yi ta nutse. Rage iskar ka ga yadda take buɗewa ta kwanta a bisa rairayin. Tayata mai faɗin inci 2.2 ce, da tub a ciki, kuma ina barinta wajen 30 a ma'aunin iskar taya na PSI, ta gaba ƙasa da ta baya kaɗan. Mai nauyin jiki ya ƙara, marar nauyi ya rage. Sai dai kada a wuce gona da iri: in iska ta yi ƙasa sosai ka daki dutse ko bakin kunya, rim zai matse tub ya huda shi wuri biyu, ramuka kusa da juna. Duk wanda ya ga irin wannan faci ya san ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. Ku nemi famfo mai agogo. Matsa taya da babban yatsa ba ya faɗin gaskiya.

Na biyu, a sauya giya kafin a shiga rairayin, ba bayan an shiga ba. Da zarar keke ya fara nauyi kana danna feda da ƙarfi, sarƙa ba ta son hawa wani haƙori, sai ta yi ta ƙara, wani lokaci ma ta tsinke. Ka shigo da ɗan gudu, giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri. Zauna can baya a kan sirdi domin tayar gaba ta yi sauƙi ta bi sama. Hannu kuma a sake shi. Wannan ya fi komai wuya, domin da kan keke ya fara lilo zuciya za ta ce ka damƙe. Kada ka damƙe. Bar shi ya ɗan yi wasansa, idonka na can nesa inda kake son fita, ba kan tayar ba. Birkin gaba kuwa a manta da shi a cikin rairayi, taɓa shi kaɗan ya isa ya kayar da mutum.

Ƙaya ita ce harajin wannan ƙasa. Tsidau ya fi yi mini ɓarna a gefen gonaki, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa inda makiyaya suka sassaro wa dabbobi reshe. Ina bin tsakiyar sawun amalanke, ina kauce wa gindin itatuwa, kuma ba na fita sai da tub na ajiya da gam da famfo. In an cire tub, a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a zaro ƙayar, in ba haka ba sabon ma hudewa zai yi.

Wata magana a gefe: don Allah a daina zuba baƙin man inji a sarƙa. Ƙura yake kamawa ya zama kwaɓi mai cin haƙoran giya. Goge da tsumma, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma da hantsi take ƙarfi. Ku tsara zagayenku yadda za ku fuskance ta tun ƙafa na da ƙarfi, ta turo ku a hanyar dawowa. Ruwa lita biyu, dabino a aljihu, hular kwano a kai, a kuma gaya wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. In kun tarar da garke a burtali ku sauka ku gaisa da makiyayi, hanyarsu ce tun kafin mu zo.

Abin da ya rage mini shi ne gangaren kwarin da ke kusa da dam, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar tsakuwa. Har yanzu rabinsa nake hawa, rabi in tura. Aikin da na sa a gaba shi ne tashi daga sirdi, feda biyu a daidai, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, yatsa ɗaya kan kowane birki, ina matsa su tare a hankali kafin kwana, ba a cikinta ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu can zan tsaya in yi ta maimaitawa, kuma zan sauke sirdin kamar faɗin yatsa uku kafin in fara.