Jinga ta kawo sauri, filasta ta cinye ribar

A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu, aka yi maganar a sayar da buhu naira 7,000 zuwa 8,000. Ni kuwa ina riƙe da kwangilar gida mai ɗaki huɗu a gefen Kano, kuɗin da aka ƙulla tun kafin tashin farashi. Mai gida ba zai ƙara ko sisi ba. Sai na duba ɓangaren ma'aikata, na cire magina daga kuɗin yini na mayar da su jinga: a ƙirga bulon da mutum ya jera a biya shi.

Sauri kam an yi. Mutanen da a da sai rana ta take suke fara kwaɓa, suka koma zuwa da sanyin safiya. Muka kai linta da wuri, ina ta murna.

Da mai filasta ya ɗora dogon katakonsa a bango, sai ya juyo ya ce, "Alhaji, wannan bangon ciki gare shi." Wani wurin ya turo, wani ya shige. Filastar da rabin inci ya ishe ta, sai da aka riƙa cika wasu wuraren ninki biyu, ciki da waje, da simintin da na saya da tsadar nan. Abin da na tsira da shi a jinga, bango ya shanye shi har da ƙari. Har yau in na wuce ta gidan raina yana ɓaci, don daga waje fes yake, ni kaɗai na san buhunan da ke kwance a jikinsa. Maginan kuma ba su ci amana ba. Adadin bulo aka ce, adadin suka kawo.

Ban bar jinga ba. Amma yanzu bulon da ya bi igiya da ma'auni kaɗai ake ƙirgawa, kuma ana dubawa kafin kwaɓa ta bushe. Layin da ya karkace, mai shi zai sauke ya sake a kan kuɗinsa, kuma ana faɗa masa haka tun ranar ciniki. Wani kaso na kuɗin yana hannuna sai mai filasta ya auna.

A nan ne ma na lura magini ya fi ɓata lokaci wajen jiran kwaɓa, ba wajen jera bulo ba. Shi ya sa ruwa da yashi da bulo suke kwana a gindin bango, na kuma ƙara lebura ɗaya da baro. Kuɗin yininsa bai kai buhu ɗaya ba.