Feshin kachala da kainuwa a tafki: yadda na yi, da inda ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada

Kududdufin da nake kiwon kifi yana cikin fadamar Rima ne, tsawonsa mita 40, faɗinsa 25. Na zagaya da gora na auna zurfi a wurare goma, na haɗa na raba, ya ba ni mita 1.2. Ke nan ruwan cikinsa ya kai lita miliyan 1.2. Na fara da wannan lissafi ne don duk maganin da ake zubawa cikin ruwa da yawan ruwan ake auna shi. Wanda ake fesawa a ganye kuwa, da faɗin wurin da ciyawar ta cinye ake aunawa. Masu haɗa lissafin biyu waje ɗaya su ne ke asarar kifi.

Ciyawa iri huɗu na tarar, kuma kowace da halinta. Kachala ta tsaya a gefe, ta fi mutum tsawo, saiwarta kwance cikin taɓo. Kainuwa tana yawo a sama ba ta riƙe ƙasa ba. Bado ya shimfiɗa ganye, tushensa can ƙasa. Sai gansakuka. Babu kwalba ɗaya da ke maganin duka huɗun, ko da mai shago ya rantse.

Kuskurena na farko lokaci ne da yawa. A watan Afrilu, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, na feshe kududdufin gaba ɗaya a wuni guda. Kwana huɗu ba abin da ya faru. Da asubar rana ta shida na iske karfasa sun taso sama suna haƙi, baki a buɗe, wasu har sun juya ciki. Tarwada kam ko a jikinsu, domin su suna iya shaƙar iskar sama. Wannan bambancin shi ya nuna mini ba guba ce ta kashe su ba. Ciyawar ce ta mutu lokaci ɗaya ta nutse tana ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita suka shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Dama ruwan zafi ba ya riƙe ta da yawa: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne. Kuma da asuba take fin ƙaranci, don tsirrai sun kwana suna shaƙa ba sa fitarwa. Abin da ya ceci ragowar kifin shi ne injin ban-ruwa. Na tayar da shi, na ɗaga bakin tiyo sama ruwan yana faɗowa kamar ruwan sama, dare uku a jere daga ƙarfe biyu zuwa hantsi.

Tun daga nan nake raba wurin uku. In fesa kashi ɗaya, in jira kwana 14, sannan in taɓa na biyu. Daga bakin gaɓa nake farawa in nufi tsakiya, don kifi su sami inda za su gudu.

Kachala ita ce ta fi cin lokaci, kuma maganin kashe ciyawa mai suna gilaifoset ne ya yi mini aiki a kanta. Yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa, don haka dole ganyen ya kasance kore, a tsaye, ba a sare shi ba. Da mai ƙarfin giram 360 a lita, nakan zuba mililita 240 a famfon goyo mai lita 16, wato kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. Da kofin awo nake aunawa. Gwangwanin madara da aka saba da shi a gona ba awo ba ne, gwangwaye ba girmansu ɗaya ba. A jiƙa ganyen ya yi sheƙi, amma kada ya kai ga ɗiga, duk abin da ya ɗiga cikin ruwa asara ne.

Ruwan haɗi ma abin lura ne. Gilaifoset yana manne wa laka ya mutu murus, saboda haka wanda ya kamfaci ruwan kududdufin mai laka ya haɗa magani da shi ya zubar da kuɗinsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta ake nema. Dalilin nan ne kuma ya sa feshin tsakiyar hunturu ba ya ci: ƙura ta lulluɓe ganye, maganin ya ƙare a jikin ƙurar. Lokacin da na ga ya fi shi ne ƙarshen damina, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan kachala ta fitar da kanta mai kama da zangarniyar gero. A sannan take tura abinci ƙasa zuwa saiwa, maganin sai ya bi wannan hanya. Ana son awa shida ba ruwan sama, a kuma bari raɓa ta bushe, a gama kafin iska ta taso.

Sai haƙuri. Mako ɗaya zuwa biyu kafin ganye ya fara rawaya, mako uku zuwa huɗu kafin ya bushe. Wanda ya ƙosa ya sa lauje a kwana na biyar ya datse wa maganin hanya. Bayan ta bushe nakan sare ta ƙasa da saman ruwa da kamar taƙi guda, in kwashe zuwa tudu in ƙone. Karan kachala, ko busasshe ne, shi ne bututun da saiwa ke numfashi da shi. In ruwa ya rufe kututturen, ragowar saiwar sai ta shaƙe. Duk da haka a shekara ta biyu sai da na koma na bi tsiron da ya ɓullo ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da kwalbar da ake sayarwa don gona. Sinadarin da ake haɗa gilaifoset da shi don ya manne a ganye, a wasu nau'o'in ya fi shi kansa maganin illa ga kifi da kwaɗi. A nemi wanda takardarsa ta ce ana amfani da shi a ruwa, mai lambar NAFDAC. In ba a samu ba, a taƙaita ga kachalar da ruwa ya janye ya bari a busasshiyar gaɓa. Magungunan ciyawa na farakwat da atirazin ba su da hurumi a bakin ruwa ko kaɗan. Farakwat guba ce da ba ta da makari.

Kainuwa ban sake fesa mata komai ba. Ganyenta gashi gare shi, magani mirginawa yake ya faɗa ruwa. Mutum biyu da igiya da tsohuwar koma sukan tattaro ta gefe cikin safiya ɗaya, a jibge ta nesa da gaɓa ta zama taki. Sai dai a riƙa bi duk mako, don 'yar guda da aka bari ita ce dashen gobe.

Bado yana jin maganin ciyawa mai suna 2,4-D, nau'in da ake kira amin, domin ɗaya nau'in, esta, ya fi cutar da kifi. Amma a fadamarmu abin tsoro ne. Tumatir da tattasai da kuɓewa da wake ba sa jure ko ƙanƙanin burbushinsa, ganye sai ya murɗe ya ƙanƙance. Ruwan da aka fesa wa shi ba na yarda a ja zuwa lambu sai bayan mako uku, kuma famfonsa daban na ware na shafa masa jan fenti, don wanki ba ya fitar da shi duka. Kafin feshi nakan gaya wa maƙwabta masu noman rani da makiyayan da ke shayar da dabbobi a kusa, in kafa tuta. Wannan duka a ruwan mutum na kansa ne. Tafki irin na Kware ko madatsar Goronyo, wadda birni ke sha daga ruwanta, ba wurin da wani zai goya famfo ya shiga ba ne, magana ce ta hukuma da Sarkin Ruwa.

Gansakuka ana kashe ta da kofa salfet, shuɗin garin nan, amma ba na taɓa shi sai an gwada ruwan, don a ruwa mai ƙarancin alkali, wato sinadarin da ke kashe tsamin ruwa, yana kashe kifi, tumaki kuma ba sa jure jan ƙarfen da ke cikinsa. Da na rage abincin kifin da ke saura yana nutsewa, na kuma tare kwararon da ke kawo ruwan turken shanu, ta ragu da kanta.

Da rani ya yi, ruwa ya ja, na sa aka haƙe gefen da kachala ta fi so, aka miƙar da gaɓar ta faɗa zurfin mita ɗaya kai tsaye maimakon doguwar shimfiɗar da take a da. A wannan ɓangaren bana mililita 240 ɗin nan, goyo ɗaya tak, ya ishe ni har da saura.