Rubutu Daga Bakin Inji

Ni mai kula da ma'aikata ne a wani kamfanin saƙa buhu da ke Sharaɗa a Kano. Sama da ni akwai manaja, sama da shi akwai masu kamfani. Ƙasa da ni akwai masu tuƙa inji da masu ɗinki da leburori. Duk umarnin da ya sauko daga ofis a kaina yake yada zango kafin ya isa bakin inji, duk ƙorafin da ya taso daga bakin inji ni yake fara samu. Irinmu wata mujallar intanet da ke fita da Turanci take yi wa rubutu, kuma irinmu take nema su rubuto mata: shugabar nas-nas a ɗakin marasa lafiya, manajan gidan mai, mai kula da sito, mataimakin shugaban makaranta.

Na daɗe ina karanta ta kafin in aika tawa maƙalar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawancin nasihar shugabanci da nake cin karo da ita an yi ta ne don mai ikon ƙara albashi ko sauya tsari, kuma a ƙasar da ba a ɗauke wuta. Ni ba ni da ikon ƙara wa kowa ko kwabo. Abin da ke hannuna jadawalin aiki ne, da takardar kwiri ta neman bahasin laifi, da kuma bakina.

Maƙalata ta farko a kan makara ce. Bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuɗin adaidaita sahu ya bi ta. Mutanen da ba su taɓa makara ba suka fara shigowa bayan an tada inji. Ofis suka ce a yi ta ba da kwiri. Ni kuwa na zauna da littafin sa hannu, na rubuta unguwar kowa a gefen sunansa, sai ga shi masu makarar kusan duk 'yan nesa ne, 'yan Kurna da Rijiyar Lemo da Rimin Kebe, wasunsu rabin hanyar a ƙafa suke yi. 'Yan Ɗorayi da Ja'en ba abin da ya sauya musu. Na haɗa 'yan unguwa ɗaya a duti ɗaya don su riƙa ɗaukar shatar adaidaita tare, na kuma mayar da na kusa su zama masu buɗe aiki da safe. Makarar ba ta ƙare ba, amma ta ragu sosai, ba tare da an kashe wa kamfani sisi ba.

Editar, wata mata ce da ban taɓa gani ido da ido ba, ta dawo min da rubutun ta zare shimfiɗar da na yi a kan muhimmancin kiyaye lokaci. Ta ce mai karatunmu a tsaye yake karatu, a waya, tsakanin wannan aiki da wancan, ya riga ya san makara ba kyau, abin da yake so shi ne littafin sa hannun nan da unguwannin. Daga nan na gane abin da ake nema wurin irina. Masana suna da ra'ayin da ya fi nawa tsari. Abin da ba su da shi shi ne abin da ya faru ranar Litinin da ƙarfe bakwai.

Wadda ta fi kowace samun karɓuwa kuwa a kan gyara wa wanda ya haife ka ce. Akwai wani dattijo a ƙarƙashina, ya fara tuƙa inji tun ina firamare. Ya saba cire murfin kariya na injin don ya fi saurin warware zare idan ya sarƙe, yaran da ke koyo a hannunsa suka fara kwaikwayonsa. A takarda abin mai sauƙi ne, gargaɗi na baki, sannan na rubuce. A zahiri kuwa, idan na tsawata masa gaban yara na zubar masa da girma, na kuma zubar da nawa, domin ba wanda zai sake kallona da mutunci. Sai na jira aka idar da sallar azahar, muna sa takalma na ce, "Baba, shawara nake nema. Yaran nan duk abin da ka yi shi suke yi, amma ba su da hannunka. Ina tsoron ranar da ɗaya zai bar yatsunsa a ciki." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, murfin ne ba ya buɗuwa da wuri, ƙusar ta ci." Ashe shekara da shekaru matsalar ƙusa ce. Makaniki ya sauya ta a ranar, Baba da kansa ya zama mai tsawata wa yaran.

Kafin in aika wannan labarin sai da na zauna na fassara masa shi jimla bayan jimla, ya ce a cire maganar shekarunsa, na cire. Wannan ne ɓangaren aikin da ya fi nauyi a wurina. Mutanen da nake rubutu a kansu ba su zaɓi shiga mujalla ba, abincinsu suka zo nema, kuma ina da iko a kansu, don haka ko sun ce "ba komai" sai na duba ko kunya ce ta sa. Ba na ambaton suna, ina sauya duk abin da zai sa abokin aiki ya gane mutum, laifin da zai iya jawo wa wani kora kuwa ba na taɓa shi ko da an sakaya. Manajana ma tun farko na sanar da shi ina rubutu, muka yi yarjejeniya: ba sunan kamfani, ba adadin kayan da muke fitarwa, ba sunan abokan ciniki. Idan raina ya ɓaci da wani hukuncin ofis, sai na bari ya huce tukuna, don rubutun da aka yi da zafin rai wasiƙa ce zuwa ga mutum ɗaya, sauran masu karatu ba abin da za su tsinta.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba, rubutun ya tilasta min karanta doka. Editar ba ta yarda da "doka ta ce" sai ka kawo sashe. A haka na zauna da Dokar Ƙwadago ta Najeriya. Sashe na 11 ya tsara wa'adin sanarwa kafin a raba gari da ma'aikaci: kwana ɗaya idan bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sashe na 18 ya ba shi hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa bayan wata goma sha biyu. Na kuma ga abin da ya shafe mu kai tsaye, wato sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa daga ma'anar ma'aikacin da dokar ke karewa, mafi yawan kariyarmu tana cikin takardar ɗaukarmu aiki ne. Abokaina da dama sai bayan wannan maƙalar suka je suka zaro tasu daga ƙasan akwati. Haka lambobi, dole ka sa musu shekara. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne daga 2019, ya koma 70,000 a Yulin 2024, rubutun intanet kuma yana nan ana karanta shi bayan lissafin ya tsufa.

Kuɗi dai ba a biyana. Lokacin ma satarsa nake yi, bayan sallar asuba idan ina dutin rana, a waya, sakin layi ɗaya ko biyu. Ladan da nake samu saƙonni ne. Wata mai kula da masu ɗinki a wata ƙasar Asiya ta rubuto ta ce labarin Baba kamar a ɗakin aikinta aka yi shi.

Akwai batun da har yau yake zaune a wayata ban aika ba, na ma'aikatan wucin gadi. Sashe na 7 na dokar ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, a wasu kamfanonin kuwa ana sallamar mutum dab da cikar wa'adin, a sake ɗaukarsa bayan 'yan kwanaki kamar sabo. Mai kula da ma'aikata shi ake ba jerin sunayen ya karanta. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Duk yadda na sakaya, waɗanda na ba da labarinsu ana iya gane su, kuma su ne ba su da takardar da za ta kare su. Editar ta ce in nemo masu irin aikina a wasu garuruwan mu haɗa labaran wuri guda yadda ba za a iya jingina shi ga masana'anta ɗaya ba. Na fara tuntuɓar wani a Kaduna da wata a Legas, sun amsa za su turo nasu bayan Sallah.