Karas a jar ƙasar Kumasi: abin da ke hana shi miƙewa

Duk wanda ya taɓa tonon karas a bayan ɗakinsa a Kumasi ya san wannan takaicin. Ganye ya yi kore shar har ya kusa gwiwa, amma da aka ja sai ga wani guntun abu mai ƙafa uku, a murɗe kamar citta. Sai a ce irin ne ba shi da kyau, ko a ce karas ba ya yi sai a Mampong. Galibi irin ba shi da laifi. Saiwar karas guda ɗaya ce, a makonnin farko siririya ce kamar zare, kuma sai ta gama nutsawa ƙasa kafin ta fara kauri. Duk abin da kan zaren nan ya ci karo da shi, ko tsakuwa, ko dunƙulen yumɓu, ko ɗanyen kashin kaji da zai ƙone shi, nan take zai rabu biyu ko uku, kuma daga nan ba gyara. Siffar karas ɗin da za ka ci bayan wata uku, tun a watan farko ake gama ta.

Gaskiya ne Mampong ta fi mu sa'a. Garin yana kan tudu, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da Kumasi, ƙasarsu da yashi-yashi, shi ya sa sunansu ya fita a noman karas. Mu kuwa a Aboabo, Asawase ko Tafo, abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu jar ƙasa ce mai yumɓu da marmara, a tsakar gida kuma ga ɓaraguzan bulo da tsohuwar leda a binne. In an yi ruwa ta danƙare, in rana ta buɗe ta zama kamar daɓe. Irin wannan ƙasa ba a roƙonta, sake ta ake yi.

A auna fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, inda rana ke samu aƙalla awa 6. Faɗin kada ya wuce haka, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. Ƙasar da aka taka ta riga ta lalace wa karas. A sa diga a fasa ta zurfin santimita 30, wato tsawon rular 'yan makaranta. Sai aikin da kowa ke gudu: tankaɗe. A buga ragar waya mai idon santimita 1 a jikin katako huɗu, a jingine ta, a riƙa watsa ƙasar da shebur. Abin da ya ƙi wucewa a kai shi wani wuri. Aikin yini guda ne, amma sau ɗaya ake yinsa, kuma a ganina ya fi duk takin da za ka saya amfani.

Ƙasar da aka tankaɗe sai a haɗa ta kashi biyu da yashin rafi kashi ɗaya da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Kada a tsallake takin a ce yashi kaɗai ya isa. Ɗan yashi a cikin yumɓu, ai haɗin tubali ke nan. Takin ne ke sa ƙasar ta yi washar-washar. Sai a ɗaga fangalin ya fi ƙasa da santimita 20 zuwa 25, a tare gefe da katako ko bulo, saboda ruwan Kumasi in ya sauko ba ya sallama, kuma karas da ya kwana biyu cikin ruwa ruɓewa yake.

Maganar taki na buƙatar tsayawa. Kashin kaji ya fi komai sauƙin samu a kewayen garin nan, kuma yawanci haɗe yake da garin katakon da ake shimfiɗa wa kajin. Sabo ba ya shiga fangalin karas. A tara shi gefe, a jiƙa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu har wata biyu zuwa uku. Alamar ya nuna ita ce ya yi baƙi, ya daina zafi in ka cusa hannu, warin da ke hawa kai ya tafi, ba ka kuma iya gane garin katakon. Ko ya nuna ɗin, a haɗa shi da ƙasa mako biyu kafin shuka. Ƙasarmu ta nan kudu tana da ɗan tsami, karas kuwa ya fi son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.0 da 6.8, don haka tokar itace cikin tafin hannu ɗaya a kowace murabba'in mita na taimakawa. Tafi ɗaya na ce, ba kwano ba.

Wanda tsakar gidansa siminti ne, kamar yawancin gidajen haya na zango, bai yi asara ba. Ya ma huta da diga. Jarkar nan rawaya mai lita 25 da ake kira galan ɗin Kufuor ta isa. A yanke samanta, a huda gindinta wuri takwas zuwa goma da ƙusa mai zafi, a ɗora kan bulo biyu, a cika da haɗin nan. Wadda aka zuba man girki a ciki ake nema, ban da ta fetur ko ta maganin feshi. Kowace jarka na ɗaukar karas 15 zuwa 20. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa ma yana yi, sai dai rana na cinye shi kafin a yi zagaye na biyu.

Iri kuwa, a nemi mai jure zafi: Kuroda da New Kuroda su ne aka fi sani, akwai kuma Amazonia. Kuroda gajere ne mai faɗin kafaɗa, santimita 15 zuwa 18, shi ya sa yake haƙuri da ƙasa mai nauyi fiye da dogayen. A duba kwanan watan da ke jikin fakitin, a kuma yi hattara da wanda aka ɗebo daga buɗaɗɗen gwangwani aka ƙulla a leda, domin zafi da danshi na kashe irin karas da wuri. In kana shakka, ƙirga ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa masa ruwa. Bayan kwana 14, in waɗanda suka tsiro ba su kai 12 ba, kada ka ɓata fangalinka.

Lokaci ma na da nasa. Karas ya fi yin launi da zaƙi tsakanin digiri 16 da 21 na ma'aunin Celsius, abin da Kumasi ba ta cika bayarwa ba, don haka sanyin da ake da shi ake bi. Ƙarshen Yuli zuwa Agusta, lokacin da babbar damina ta ɗan ja da baya kuma gari ya yi lumshi, shi ne mafi sauƙi: ƙaramar daminar Satumba da Oktoba ta raini shukar, a tone a Nuwamba. Na biyu shi ne Nuwamba, don saiwar ta yi kauri a sanyin daren hunturu, amma wannan sai mai tabbacin ruwa. Fabrairu da Maris ƙasa ta yi zafin da iri ke ƙin tsirowa, Mayu da Yuni kuma ruwa ɗaya kan kwashe shi ya tara a kusurwa.

A ja layi huɗu a tsawon fangalin, tsakaninsu santimita 20 zuwa 25, zurfi kada ya wuce santimita 1. Cokalin shayi ɗaya na iri, a shafe bakinsa, ya ishi fangalin duka. A cakuɗa shi da busasshen yashi cikin gwangwanin madara ɗaya, a riƙa barbaɗawa da yatsu uku kamar gishiri, a rufe da tankaɗaɗɗiyar ƙasa, a ɗan danna da tafin hannu. Ba a dashen karas. Wanda ya yi renonsa a wani wuri ya ciro ya dasa kamar tumatir, da hannunsa ya tsinke zaren.

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Irin karas na ɗaukar kwana 7 zuwa 21 kafin ya leƙo, kuma a duk kwanakin nan yana kwance a santimita ɗayan da rana ta fi busarwa. In ya sha ruwa ya fara motsi sannan ya bushe ko na yini ɗaya, ya mutu. In kuma saman ƙasar ya yi ɓawo, tsiron ba shi da ƙarfin fasa shi. Maganin duka biyun buhun algarara ne, irin na koko: a farke shi, a shimfiɗa a kan fangalin, a riƙa ba da ruwa ta samansa safe da yamma da gwangwanin da aka huhhuda. Daga kwana na shida a riƙa ɗaga gefe kullum ana leƙawa. Ranar da aka ga 'yan ganye biyu sirara kamar na ciyawa, a ɗauke buhun da yamma, a kafa ƙaramar rumfar ganyen kwakwa na mako guda. A kewaye da raga, don kazar maƙwabci ɗaya na iya gama da aikin wata cikin minti goma. In layi ya yi giɓi, a duba ko tururuwa ce ta kwashe. In an wayi gari tsiro a yanke daidai da ƙasa, gyare ne ko tsutsa, kuma da tocila da dare ake kama su.

Ragewa na da ciwo, amma dole. In tsiro ya yi ganyen gaske biyu ko uku, a jiƙa ƙasar da yamma, a cire har a bar yatsa ɗaya tsakani. Bayan mako biyu a sake, a bar yatsu uku, kimanin santimita 5. Fangalin zai rage da karas wajen 240. Wanda tausayi ya hana shi ragewa zai tone tsinken tsire, ba karas ba. Bayan ragin farko ake sa takin zamani in ana so: NPK 15-15-15 cokalin cin abinci biyu a kowace murabba'in mita, a cikin ɗan rami santimita 5 daga layin, a rufe, a ba da ruwa. Yuriya kuwa a bar wa masara. Ganye za ta cika maka, saiwa ta tsaya.

Daga nan ruwa ya koma mai yawa amma jefi-jefi: lita 25 a kowace murabba'in mita a mako, wato jarka uku ga fangalin nan, a raba sau biyu ko uku, a ƙara kaɗan in hunturu ya tsananta. Ƙishi mai tsawo da ambaliya a bayansa shi ke tsaga karas. Ruwan ya zama na famfo, rijiya ko na sama, ban da na kwata ko rafukan cikin gari irin su Subin, domin abu ne da ake ci ɗanye a salak. Duk kafaɗar da ta leƙo waje a tura mata ƙasa, in ba haka ba rana ta mai da ita kore mai ɗaci.

Ciwo biyu ne suka fi damu. In gefen tsofaffin ganye ya fara baƙi-baƙi da rawaya a damina, cutar ganye ce da danshi ke kawowa. A cire waɗanda suka kamu, a riƙa ba da ruwa a gindi da safe. Na biyun ya fi mugunta: wata tsutsa da ido ba ya gani, nematod, wadda ke sa saiwa ƙuraje da gashi buzu-buzu. Tana zama inda aka yi kuɓewa, tumatir ko gauta, don haka kada karas ya biyo bayansu; ya biyo masara. In ta riga ta shiga, zafin Fabrairu da Maris ya samu aiki: a jiƙa ƙasar sosai, a rufe da farar leda mai haske, a danne gefuna da ƙasa, a bari mako huɗu zuwa shida.

Kuroda na nuna tsakanin kwana 90 da 110. A share ƙasa a ga kafaɗa. In ta kai faɗin yatsu biyu, a jiƙa fangalin, a tone da sanyin safe. In ya wuce lokaci cikinsa itace yake zama. A yanke ganyen nan take, a bar santimita 1, don ganyen na ci gaba da zuƙe ruwan saiwar. Ba a wankewa sai za a ci. A firiji, cikin leda mai 'yan huji, yana kai mako biyu zuwa uku. In ba firiji, a jera shi a tukunyar ƙasa tsakanin yashi mai ɗan danshi. Ko ina aka ajiye, a nisanta shi da ayaba da mangwaro masu nuna, iskar da suke fitarwa na sa masa ɗaci.